Wuyan Riga

Shekara arba'in Baba Almu na taka keke
a rumfa ta uku, bakin kasuwar Tawa.
Ya san faɗin kafaɗar rabin garin nan
ba sai ya ɗauko ma'auni ba.
Yau da safe ya dube ni, ya ce,
"Baiwar Allah, ɗinki kika kawo?"
Na ce, "Koko na kawo."
Ya ce, "Ajiye, sai bayan Lahadi."

Ni ce Habsu, autarsa,
wadda yake ɗorawa a wuya zuwa kallon kokowa.

Da abin ya fara, kowa da bakinsa.
Gwaggo ta ce jifa ne,
maƙwabci ya ce iska ya taka a bakin tafki.
Muka sha hayaƙi har labule ya yi baƙi,
jika na bin jika.
Sai ranar da ya jefa takalminsa cikin randa,
ya zauna yana kuka wai an sace ƙofa,
na kai shi asibiti.

Likita Balkisa ba ta yi mini ƙarya ba.
Ta ce, "Ciwon mantuwa ne, a ƙwaƙwalwa yake,
ba hauka ba, ba hannun kowa ba.
Ƙwayar nan ba ta dawo da abin da ya tafi,
sai dai ta rage wa mai tafiya sauri.
Kada ki yi gardama da shi.
In ya ce yau Talata, bar masa Talatarsa."
Ta ajiye biro, ta dube ni:
"Ke fa, yaushe rabonki da barci?"
Ashe nan hawayen suke laɓe.

Duk Alhamis muna haɗuwa
gindin bedin da ke bayan ɗakin magani,
mu tara, wani sa'in mu shida.
Akwai Nomau, da uwarsa ke kiran sa ɓarawo,
akwai Tsahara, mai kwana a bakin ƙofa
da makulli ɗaure a haɓar zane.
Nan na faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba:
wani dare na daka masa tsawa,
na ce na gaji, na ce har yaushe.
Ba wanda ya riƙe baki.
Tsahara ta miƙo mini ruwa.
Tun ranar, kowace Asabar da hantsi
takan zo ta zauna da shi,
in shiga ɗaki in zube kamar buhu.

Ranar da ya ɓace, la'asar ce,
ƙofa a buɗe, buta a kife.
Na bi Bilbis, na bi Wadata, ƙafa ba takalmi.
Bayan lisha wani ɗan kabu-kabu ya kawo shi,
a tasha ya gan shi, zai je Ƙwanni sayen zare,
wai ya yi sauri, Inna na jira.
Inna da muka rufe shekara bakwai.

Daren nan na ɗauki allura
na ɗinka sunansa da lambar wayata
cikin wuyan kowace riga tasa.
Ɗiyar tela, hannu kamar na mai faskare.

Da gari ya waye ya juya wuyan rigar,
ya kai ido kusa, ya yi tsaki:
"Wane ɗan koyo ya yi wannan ɓarna?"
Ya miƙo hannu. Na ba shi allura.
Ya warware, ya zura zare karo ɗaya,
ya bi harafi bayan harafi,
ɗinki a miƙe kamar sahun Juma'a,
bai san sunan wa yake ɗinkawa ba.

Da ya gama ya cije zaren,
ya ce, "Faɗa wa mai rigar ba sai ya biya ba.
Da gani akwai mai neman sa."

Na ce zan faɗa masa.
Kokon ya huce.
Na mayar da shi kan wuta.