Ɗaya ga Janairu, Sha Biyun Dare

Shagona na gindin tudu a Valparaíso,
inda iskar teku ke cin ƙarfe kamar gara.
Ranar Talata Nélida ta shigo, ruwa a kafaɗarta,
da faifai bakwai cikin kwalin takalmi.
Ta ce, "Na mahaifina ne, Froilán.
Kwamfuta uku na gwada, kowacce ta ce ba ta jin yarensu."

Tawa tana ji.
Tsohuwa ce, tana tari a ƙarƙashin tebur,
amma da wannan yaren ta tashi.

Kafin komai na kwafi asali, na kulle shi gefe.
Ba a koyon aski a kan maraya.
Sai na fara juyi a hankali,
don duk mai juye ruwa daga tulu zuwa tulu
ya san ƙasa na jiran rabonta.
Ban matse ba. Fayil ya yi nauyi, ya yi.
Gara nauyi da a rasa ɗigon baƙi a kuncin yarinya.

Ga ta nan, shekara shida, ba haƙoran gaba,
tana gudu a matakala mai fenti shuɗi.
In ta ɗaga hannu sai ya tsattsage kamar bakin mataji.
Na bi layin ɗaya bayan ɗaya, na ɗinke,
har hannu ya koma hannu.
Muryar uwarta ta riga leɓenta isowa da rabin daƙiƙa,
na ja ta baya, suka haɗu.

Yarona Ulises ya leƙo ta kafaɗata:
"Allon yanzu faɗi ne da shi, ja hoton ya cika.
Ga manhaja kuma, tana goge dishi-dishin nan."
Muka gwada, don ya gani.
Uwa ta kumbura, kare ya zama kada,
fuskar kaka ta yi sumul kamar sabulu,
shekara tamanin ta tafi da dannawa ɗaya.
Bai ƙara magana ba. Muka bar baƙi a gefe da gefe.

Akwai rubutun da ido ba ya gani,
wanda kowane fayil ke goye da shi a baya:
sunan kamara, hoto nawa a daƙiƙa,
rana da sa'ar da aka danna.
Mai gaggawa kan yar da shi a hanya,
ya buga wa jiya tambarin yau.
Na buɗe na Froilán.
Fayil arba'in da ɗaya, bakinsu ɗaya:
ɗaya ga Janairu, shekara ta dubu biyu, sha biyun dare.
Ga rana tsaka a kan jiragen ruwa, sha biyun dare.
Yarinya ta yi haƙori, ta yi tsawo, ta sa rigar makaranta,
agogo bai motsa ba.

Na ce, "Bai taɓa saita shi ba. In gyara?"
Ta yi dariya har ta dafa kanta.
"Shekara talatin yana jan akwatin da ke hawa tudu da mutane,
bai taɓa makara da minti ɗaya ba.
A gida kuwa..."
Sai ta nemi hankici a jaka, ta daɗe tana nema.
"Bar masa kuskurensa."

Na bar masa.
A wani gurbi daban na rubuta abin da ta tuna:
wannan kafin girgizar ƙasa, wannan shekarar da kare ya ɓata,
wannan ba ta sani ba.
Na ƙirga tsoho da sabo, hoto bayan hoto, babu wanda ya faɗi.

Na ba ta kwafi biyu, na ce kada su kwana ɗaki ɗaya,
kuma bayan shekara goma ta nemi wani irina,
don sabon tulun ma zai tsufa.

Ta sa kwalin ƙarƙashin riga saboda ruwa.
Ulises yana share tebur, ya tsaya,
ya ciro wayarsa ya duba ko agogonta daidai ne.