Aron Hannu

Saura kwana tara mu zauna jarrabawa.
Ruwa na dukan kwanon ɗakinmu a Rikkos,
ni kuwa na tasa hannuna a gaba
ina kallon sa kamar wanda nake bi bashi.

Ba karatun nake tsoro ba.
Tashe ni tsakar dare ka tambaye ni hanyar jini,
in kai ka zuciya, in ratsa da kai huhu,
in dawo da kai ban yi tuntuɓe ba.
Amma miƙo mini biro,
ka ga inda kaza ta yi tono.

Bahago aka haife ni.
Iya Tabawa, Allah ya jiƙan ta, ta ce ba a gidanta ba.
Ludayi a bayan hannu, safe da yamma,
har hagu ta koyi kwana a aljihu,
dama ta karɓi aikin da ba ta nema ba.
Shekara goma sha ɗaya tana yin sa
da fuskar yaron da aka aika yana tsakar wasa.

Malama Kangyang ta ɗaga takardata a aji,
ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa,
ta ce, "Ɗanliti, amsa ce wannan ko takardar sayen magani?"
Aji ya kwashe.
Ni ma na yi, irin ta haƙori kawai.
Da aka tashi ta ja ni gefe:
"Ni na san ka, ina iya bin layi in tsinto ka.
Wanda zai duba ta can bai taɓa jin muryarka ba."

Shi nake tunani.
Wani mutum a wani gari,
takardu ɗari uku a gabansa, shayinsa ya huce,
an ɗauke wuta, bayansa na ciwo,
sai ya buɗe tawa.
Biyar ɗina da takwas ɗina ’yan biyu ne,
ko ni da na haife su sai na ƙura ido.

Na taɓa ja wa Baba asara a Farin Gada.
Buhun dankali bakwai na rubuta a littafin bashi,
mai saye ya rantse ɗaya ya gani.
Aka kira mutum uku, duk suka ce ɗaya ne.
Baba bai dake ni ba.
Ya dai ce daga gobe ni ne ɗinkin buhu,
Sabi'u ya riƙe littafi.

Na sayi littafin koyon rubutu a Taminus,
mai jan layi da shuɗi, na ’yan aji ɗaya.
Na ce wa mai shago na ƙanena ne.
In na bi a hankali, haruffa su tsaya kamar na mutane,
sai agogo ya cinye ni ina tambaya ta biyu.
In na yi sauri, layi ya kwashi gangara
kamar keken da birkinsa ya tsinke a Gada Biyu.
Ga sanyin safiyar garin nan,
yatsu sai sun ga dama suke lanƙwasa.

Jiya na fito da hagu daga aljihu,
na ce mata gwada.
Ta rubuta sunana tana rawa,
manya-manya, a tsaye, kowane harafi da wurinsa.
Na daɗe ina kallo.
Kwana tara ba za su ishe ta ba.
Na mayar wa dama biro,
na ce yi haƙuri, ni da ke ne dai.

Malam, ko wane ne kai,
in ka iso kan takarda mai kama da turmutsutsu,
kada ka yi saurin jan biro.
Matso da fitila kaɗan.
Amsar tana ciki, ta sha matsi ne kawai.