Matakala Ɗari da Sittin da Uku

Ƙarfe biyun dare a Valparaíso,
hasken firiji ne kaɗai fitilar gidana.
Ina tsaye ba takalmi, cokali a hannu,
kwalbar madara mai zaƙi ta kai gindi
ban ji ɗanɗanon ko lasa ɗaya ba.
Ba yunwa ba ce.
Yunwa tana da kunya, in ta ƙoshi takan yi sallama.
Wannan ba ta san hanyar ƙofa ba.

Shekara goma sha ɗaya ina shari'a da jikina,
ma'auni alƙali, madubi shaida,
a yanke mini hukunci tun ban wanke ido ba.
Wasu suka ce: ka so shi mana,
ka dubi madubi ka ce masa kyakkyawa.
Na gwada. Baki ya faɗa, zuciya ta kau da kai.
Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.

Ran Alhamis, a bayan ɗakin karatu na unguwa,
kujerun roba bakwai da buta mai tsatsa,
Fresia, mai feɗe kifi a kasuwar bakin teku,
ta hura shayinta ta ce:
"Eladio, wa ya ce dole sai ka so shi?
Bas ɗin da ke kai ka aiki, sonsa kake?
Ko gaba kuke?
Daga ƙofarka zuwa tashar jiragen ruwa, matakala nawa?"

Ban sani ba.
Da safe na ƙirga. Ɗari da sittin da uku.
Kullum waɗannan ƙafafun ke sauke ni, su hau da ni,
ina zaginsu, suna tafiya.
Hannuwan nan ke ɗaure igiya mai kaurin cinya
cikin sanyin Yuli,
ba su taɓa tambayar girman wandona ba.

Ma'aunin na bai wa Nibaldo maƙwabcina.
Yanzu buhun dankali yake aunawa,
ban ga dankalin da ya sunkuyar da kai ba.

Kada in yi muku daɗin baki:
ran Asabar ƙanwata ta bugo daga asibiti,
ta ce mama ba ta gane ta ba.
Na tsaya a gidan burodi, na sayi shida,
ban kai gida da ko ɗaya ba.
Da can, da azumin horo zan tashi,
in hana ciki, in rama da dare.
Wannan karon na soya ƙwai biyu,
na sa a faranti, na zauna a kan kujera kamar mutum.
Na kira Fresia.
Ba ta ce nawa ka ci ba.
Ta ce, me ya faru kafin nan?
Sai na yi kukan da na haɗiye da burodi.

Da yamma ina hawa,
a mataki na casa'in wani kare mai ruwan ƙasa yana barci,
nan nake tsayawa in ja numfashi.
Gwiwa tana ƙara, gumi na bin wuya,
a ƙasa jiragen kaya sun jeru kamar takalma a ƙofa.
Ba na yabon jikin nan, ba na tsine masa.
Yana haki, ina jiransa.
Saura saba'in da uku,
kuma akwai miyar wake a tukunya.