Rigar da ke Kan Ƙusa

Shekara guda cif da binne Baba
na buɗe ɗakin kayan aikinsa,
can kan tudu, sama da Mendosino,
inda hazon teku ke kwana a kwari.
Rigar aikinsa na nan rataye a ƙusa,
hannunta a lanƙwashe har yau
kamar za ta ɗauki gatari.
Na zura hannuwana ciki.
Na cusa fuska a wuyanta, na shaƙi
garin katako, da man inji, da shi.

Kwana biyu, shiru.
Dare na uku wuyana ya riga ni farkawa.

Ja wur, layi-layi, kamar an zane ni da tsumagiya,
daga haɓa har ƙashin wuya.
Tsintsiyar hannu ta yi bororo,
ido ɗaya ya kumbura ya rufe shago.
In na sosa, daɗi har ƙwaƙwalwa,
in na ɗaga farce, gobara.
Ban taɓa ganin daɗin da ke cin amana haka ba.

Ofeliya Barragan, maƙwabciya mai awaki arba'in,
ta leƙo ta kan shinge,
ta kanne ido ɗaya, wai don mu yi kama.
"Wane daji kika kutsa, Marlis?"
"Wata uku ban sauka daga hanya ba."
"To, me kika runguma?"

Na yi shiru. Ta gane.

Mai-ganye-uku ne, in ji ta,
wanda Wendel ya yi shekara talatin yana sara a bakin shinge,
kore shar in ruwa ya sauka,
ja kamar garwashi da kaka,
da sanyi kuwa tsirara, ƙirare marasa laifi a ido.
Baba bai taɓa cinna masa wuta ba,
ya ce hayaƙinsa huhu yake nema.
Sai dai ya sare, ya tara, ya dawo yana cika baki:
"Ni fatar jaki gare ni."

"Mansa ba ya tsufa da wuri," in ji Ofeliya.
"Yana kwana a igiyar takalmi,
a gashin kare, a ƙotar gatari.
Mai riga ya tafi, shi yana nan yana jira."

Da la'asar ta dawo da kwando:
ganyen manzanita, mai kauri kamar kunnen ɓera,
da wani fure rawaya da ke danƙo a yatsa.
Ta tafasa har ruwan ya yi duhun shayi,
ta bar shi a taga ya huce,
ta tsoma tsumma, ta ɗora mini a wuya.
Sanyin ya ratsa ni har na ji kunyar nishina.
"Ba korarsa zai yi ba," ta ce, "lallashi ne.
Mako biyu, uku, shi ke riƙe da agogo.
In idon nan ya ƙi buɗewa gobe, ko numfashi ya yi nauyi,
ba ni za ki kira ba. Likita."

Bayan gida awakinta na ta cin ganyen nan
kamar an yi musu walima,
ko atishawa babu.

Wasu sun gaji gona, wasu bindiga.
Ni na gaji ƙaiƙayi,
kuma na san masheƙin da ya koma kan 'yarsa.

Ta ce in wanke rigar sau uku,
ruwan zafi, sabulu mai yawa, da safa a hannu.
Na ce to.
Na cika bokiti, na tsaya har kumfa ta kwanta,
don sabulu bai san bambanci ba
tsakanin dafi da ƙamshin mutum.

Yau ɓawon ƙarshe ya faɗi daga wuyana.
Na shafa wurin: sumul.
Ban yi murnar da na zata ba.
Rigar tana kan ƙusa.
Bokitin yana bakin ƙofa, ruwansa ya yi sanyi.