Cibiya Biyu Ƙarƙashin Geza

A Dundgobi ba a raɗa wa doki suna,
launinsa ne sunansa.
Kakata Dolgorsuren ta san fiye da ɗari a ka.
Ni goma na riƙe,
sauran sun zube a hanyar makaranta.

Daren da guguwar ƙanƙara ta sauko
ta kora mana garke kudu kamar mai bin bashi,
sha tara suka tafi.
Sha ɗaya suka dawo da ƙafarsu,
bakwai muka tarar a kwari,
hankaki ya riga mu zuwa gaisuwa.
Saura hurden goɗiya:
ba gawa, ba sawu.

Bayan wata huɗu mai tallan fetur ya ce
akwai baƙuwa a garken Lubsanbaldan,
can bayan tafkin gishiri.
Na goya Kaka a babur,
ta riƙe ƙuguna kamar linzami.

Mutumin bai tambaye mu komai ba
sai da muka shanye shayin madara mai gishiri.
Sannan ya ce, faɗi kamarta.
Na zaro takarda mai hatimin hukuma:
hurde, shekara tara,
farar ƙafa ɗaya, ta baya, hagu,
lalas ɗin jinjirin wata a cinya.
Na ƙara da hoto a waya.
Ya yi murmushi.
Hurde shida gare ni, ɗana,
sanyi kuma marini ne,
baƙi yake karɓa ya mayar maka da toka.

Da gaskiyarsa.
Gashin sanyi ya haɗiye lalas.
Muka jiƙa cinya muka shafe,
wata ya leƙo rabi,
to gida nawa ke ƙona wata a ƙasar nan?
Farar ƙafa, laka ta rine ta.
Ta cikin wayata mai ƙiba ce, tana sheƙi,
wannan kuwa ana ƙirga haƙarƙarinta daga nesa.

Kaka, da yana ta rufe wa ido shekara uku,
ba ta ko tashi daga zaune ba.
Ta ce, ɗaga gezarta ta dama.
Cibiyar gashi biyu za ka gani,
ɗaya ta juya gabas, ɗaya yamma,
kamar 'yan'uwan da suka yi faɗa kan gado.
Ƙasa da su akwai tabo, tsawon ɗan yatsa.
Kyarkeci ne ya sa hannu tana wata biyu,
ni na ɗinke da gashin wutsiyar uwarta.

Ya je. Ya daɗe.
Da ya dawo hularsa na hannu.
Wata huɗu ina ba ta ciyawar da na hana tumakina,
ban taɓa ɗaga gezar nan ba.

Sai ga duƙushi ya ɓullo ta bayanta,
akawal, ƙafafu kamar sillen kara,
da ɗigon fari a goshi, a karkace,
kamar an diga nono da gaggawa.
Ba ya cikin takardata.
Ba wanda ya yi magana.

Kaka ta lalubi fuskarsa har ta gano ɗigon,
ban san ta yaya ba, fari ai ba ya da tudu.
Ta ce, uwa tawa ce.
Ɗa na wanda ya raba ciyawa ne.
In an yaye shi da kaka, zo da ƙarfenka.

A hanyar gida ita ke kan goɗiya, ba sirdi,
duƙushin na bi,
ni ina jan babur a giya ɗaya.
Ta ce, lissafo goman naka.
Kili, gunya, bikili, danda, bidi...
Na kai ƙarshe na yi shiru.
Ta ce, to buɗe kunne,
ga na sha ɗaya.