Littafin Awo

Ni tela ce a Jekadafari.
Na san kafaɗa, na san ƙugu, na san tsawon hannu.
Ranar da aka sallamo Bappayo daga asibiti
ni na naɗe ƙafar wandonsa ta hagu,
na kafe ta da allura biyu,
ban bari ya ga hannuna na rawa ba.

Tirela ce, a hanyar Dukku.
Ba zan ƙara a kan wannan ba.

Wata bakwai yana zaure.
'Yan dubiya suka yi ta sannu, suka yi ta haƙuri,
har sannun ta tsufa ta daina zuwa.
Takalman ƙwallonsa na rataye a ƙusa,
ya ce in ba wani. Na ce to.
Na cusa su ƙarƙashin yadin mutane.

Sai na shiga gari da tambaya.
Wani ofis, mai teburin ya tafi ta'aziyya.
Wani kuma, matakala sha tara na ƙirga,
na ce, wanda nake wa neman nan ta ina zai hau?
Maigadi ya yi dariya, ba ta mugunta ba:
"Hajiya, ai ba sa zuwa."
Na ce, "Da fiffike za su zo?"

Matambayi ba ya ɓata,
amma takalminsa na cinyewa.
Ashe hanyar na wurin mai faci a Bolari,
Malam Kwairanga, da shan-inna ya naɗe wa ƙafafu tun yana goye.
Yana laluben huji cikin ruwan baho, bai ɗago ba, ya ce,
"Asabar, bayan asuba, can bayan Pantami,
inda siminti bai fashe ba.
Kada ki ce masa magani ne.
Ce masa mutum ɗaya ya rage."

Na kai shi fuska a murtuke.
Ga maza a kan katako mai taya huɗu,
silifa a tafin hannu, suna sheƙa gudu,
suna gardama kamar za su cinye juna
kan ta fita ko ba ta fita ba.
Can gefe masu sanda bibbiyu,
a dogara, a yi lilo, ƙafa ɗaya ta tashi kamar bulala.
Ba wanda ya ce masa sannu.
Wani Ishaya ne ya daka masa tsawa:
"Kai dogo, kallo ka zo? Mu shida ne!"

Sau huɗu ya faɗi. Na ƙirga, sana'ata ce.
A na biyar ƙwallo ta bar ƙafarsa
ta kifar da kwanon mai ƙosai.
Ban taɓa biyan ɓarna da daɗin rai haka ba.

A hanya ya ce, "Adda, takalman nan, wa kika ba?"
Na dama ya ɗauka.
Na hagu yana ƙafar Ishaya, lambarsu ɗaya.

Yanzu littafin awona ya rabu biyu.
Ta gaba leshi, atamfa, ranar biki.
Ta baya kuwa, wa ke da keken aro,
wace makaranta ke barin fili a buɗe,
wane mai walda ke karkata taya bai tsawwala ba.

Jiya wata ta kawo ɗinki daga Tunfure,
'yarta Dija riƙe da bakin mayafinta. Ba ta gani,
amma diddigenta na bin bugun kekena, bai kuskure ba.
Na ce, "Tana gudu?"
Uwar ta ce, "Zuwa ina?"

Ba ni da amsa tukuna.
An ce akwai ƙwallo mai ƙara a ciki, ni dai ban gani ba.
Na rubuta sunan a shafin baya.
Ga murafun lemo na tara a gwangwani.
Daren nan zan farke tsohuwar ƙwallo,
in gwada ɗinkin da ba a koya mini ba.