Matakala Sittin da Uku

Shekara ashirin da shida ke nan ina jan akwatin katakon nan
mai hawa tudun Valparaiso da mutane a cikinsa.
Su shigo su ce, "Evaristo, yau teku ta yi fushi."
In ce, "Ta saba."
Hannuna na kan birki, kunnena na wani wuri.

Kunne ba ya ritaya.
Da fasinja ya karkaɗa makullai a aljihu
sai in koma ɗan shekara bakwai
a ƙarƙashin teburin da Mama ke yanka albasa,
ina ƙirga takun Baba tun daga bakin titi.
Matakala sittin da uku ne zuwa ƙofarmu.
In ya tsaya a na arba'in ya yi tari, da sauƙi.
In bai tsaya ba,
a rage fitila,
a haɗiye numfashi.

Bel ɗinsa irin na 'yan dakon tashar jirgin ruwa ne,
warin gishiri, warin giya.
Zafin kam na manta, fata ba ta da riƙo.
Abin da ya zauna shi ne shirun da ke zuwa kafin nan,
da rediyon Doña Clorinda ta bayan katanga
da takan ƙure wa murya daidai lokacin.
Gari ya waye ta miƙo mini burodi mai ɗumi,
tana kallon ko'ina ban da wuyana.
Har yau in na ji ƙamshin burodin safe
sai in ja kwalar riga sama.

Yanzu yana gidan tsofaffi a Playa Ancha.
Ran Lahadi nake zuwa, kada a tambaye ni dalili.
Ya manta Mama, ya manta tashar,
hannun nan nasa ko cokali ba ya iya riƙewa.
Ya dube ni ya ce, "Samari, kai ɗan gidan wa?
Ubanka ya iya tarbiyya."
Na gyara masa bargo.
Mun raba gado tun yana da rai:
shi ya ɗauki mantuwa,
ni aka bar wa sauran.

Likitar da nake gani ran Laraba ta ce in rubuta masa wasiƙa,
ba sai na ba shi ba.
Shafi tara na cika.
Da na karanta, sai na ga duk haƙuri nake ba shi.

Jiya jikata Amparo ta saki kofin shayi,
ya tarwatse a kan siminti.
Kafin ƙarar ta mutu kafaɗuna sun kai kunne,
ni, mai furfura, a ɗakin girkina.
Ita ko sai ta dubi ɓaraguzan, ta dube ni,
ta ce, "Kaka, ya zama kofi bakwai!"
Ba ta kare kanta da hannu ba.
Ba ta ma san ana yi ba.

Na fita na bar su suna shara.
Na sauka da ƙafa, ban bi akwatin ba.
A na arba'in na tsaya,
ban san me nake jira ba.
Can ƙasa wani jirgi yana kuka,
na yi tari, na ci gaba.